Wani Dajin

Kakana Ɗanbarau maharbi ne.
Dajin da ke bayan Miga ya san shi kamar aljihun taguwarsa.
In ya ga ciyawa ta kwanta, ya san abin da ya wuce,
ya san tun yaushe.

Ni kuwa shekara tara ina ɗakin shan magani,
ina awon ciki, ina ɗinke sarar fartanya,
ina neman jijiyar yaro da fitilar waya a baki,
har na ɗauka na iya.

Sai ran kasuwa aka kawo Inna Marka a amalanke.
Ta kori ɗanta waje, ta ce a turo ƙofa,
ta kwance zane a hankali kamar mai kwance kuɗin adashe.
Wari ya riga ta magana.
An shafa man shanu, an barbaɗa sassaƙe,
ga laya uku a hammata.
Ta ce, tun bara waccan yake, kamar ƙwallon goruba, ba ya ciwo,
abin da ba ya ciwo wa zai kai shi asibiti ana tsakar shuka?

Na rubuta takarda zuwa Kano.
Iyakar iyawata ke nan.
Ta ce, 'yar nan, daji ne ko?
Na ce, likitoci za su duba.
Ta yi min murmushin da uwa ke yi
in yaro ya ce ba shi ya sha nonon ba.
Aka sayar da riɗi, aka bi da tunkiya biyu.
Ba ta ga kaka ba.

Shi ya mai da ni aji da furfura a goshi.
Na bar Ummita wajen iyata da tari,
na bar maigida yana koyon hura wuta.
Wata bakwai ina haddar magunguna masu karya harshe,
ina sa safar hannu biyu,
ina gadin jan ruwan nan
da in ya kuskure jijiya yakan ci nama.
Na koyi duba ƙarfin jini kafin a ɗaura ruwa,
na koyi cewa raɗaɗi ma ana auna shi,
kuma mai cewa da sauƙi
sau da yawa kunya ce ke magana.

Akwai kalma guda da ta hana ni barci.
Gashi, wanda ke zubewa a kan matashi.
Gashi, wanda inji ke yi, ran da injin ke aiki.
Sai ga shi,
abin da ake faɗa in za a miƙa sakamako.
Na ukun ba ya cikin littafi.
Malamarmu, Sista Lantana, ta ce,
kafin ki buɗe baki, jawo kujera.
Ba a faɗin wannan labari a tsaye.

Jiya na zo hutu.
A gidan suna na ƙulle wake da gurjiya da goruba a tsumma,
na ce kowace ta shafa da tafin yatsu, ido a rufe.
Aka yi ta shewa.
Wata ta ce boko ya koya min wasa da abinci.

Bayan lisha aka yi sallama a zaure.
Dije ce, autar Inna Marka, goyo a baya.
Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, duba min.

Ƙwayar wake.
Wataƙila ba komai ba ne. Wataƙila.
Na jawo kujera 'yar tsugune, gwiwata na taɓa tata,
na faɗa mata abin da na sani,
na faɗa mata inda sanina ya tsaya.
Litinin za mu shiga motar farko, ni da ita.

Ɗanbarau bai taɓa share daji ba.
Sawu kawai yake gani
tun yana ɗanye.